Tukunyar Shayin Baffa Bingkun

Prato, Italiya
Watan huɗu

Zuwa ga Yaya Shoukang,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Yaya Aizhu da yara. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai ciwon bayan zama a kan keken ɗinki, wanda kowa ke fama da shi. Mijina Guoping yana gaishe ka. Maganar takardun zamanmu har yanzu shiru, kullum sai jita-jita.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na rubuto. Tun da ka gaya mini a wasiƙar sabuwar shekara cewa jiri ya kwashe shi a bakin rijiya, kuma likita ya ce jininsa ya hau, ya daina aikin wahala a rana, hankalina bai kwanta ba. Ga kwanakin Fu suna matsowa, zangon nan uku na tsananin zafin shekara. Ka san halinsa. Da zafin ya kankama zai fito da tukunyar tagullar nan ya kai rumfar bakin gada, ya yi ta jidar ruwa da sanda a kafaɗa, ya wuni a gindin wuta yana dafa wa masu wucewa shayi kyauta har Fu ukun su fita. Mutumin da ya haura saba'in. Masu shan shayin nan kuwa, 'yan tura amalanke da masu keke, su sha ne su goge baki su wuce. Ba wanda zai tsaya ya ɗaga shi in ya faɗi.

Ni kaɗai ya haifa, kuma ga inda nake. Kai ɗan wansa ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidanka da nasa. Ina roƙonka, bana ka raba shi da tukunyar nan ta kowace hanya. Na san zai yi faɗa. Ka bar shi ya yi, gara ya yi fushi yana da rai.

Kada ka ce masa ni na ce. Tun da na taho ba da son ransa ba, duk abin da ya fito daga bakina sai ya yi akasinsa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Lingdi

*

Gangtou
Ƙarshen watan biyar

Ƙanwata Lingdi,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na ji kuna lafiya, na yi murna. Mu ma lafiya, sai Aizhu da ƙurajen zafi suka feso wa a wuya. Ruwan nan mai naci ya ɗauke, komai a gidan ya yi funfuna, shinkafa ta fara ja. Ki gaishe da Guoping.

Game da Baffa, da baki na fara. Na same shi yana shanya ganyayen shayi a tsakar gida, na ce, "Baffa, bana dai ka huta."

Bai ɗago kai ba ya ce, "Ubanka ya taɓa ce mini in huta?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To matsa, ka tare mini rana."

Na tura Aizhu da ɗan kunu ta lallaɓa shi. Ya sha kunun, ya miƙa mata kwanon, ya ce ta gaya wa mijinta shi bai ga alamar rago a zuriyarsu ba sai yanzu. Daga nan na gane baki ba zai yi ba.

Ranar da ya tafi jana'izar tsohon malamin makaranta, sai na shiga ɗakin ajiyarsa na ɗauko tukunyar, na ɗaure ta a bayan keke, na lulluɓe da buhu, na tura ta har ƙetaren dutse zuwa Houshan. Kin tuna Jin mai awara, mijin yayar Aizhu? Shi na ba wa ajiya. Na ce ya ɓoye ta har Fu ta fita, ya ce ko kaza ba za ta gani ba. Da Baffa ya dawo na ce masa an ga masu sayen tsohon ƙarfe suna yawo a unguwar, wataƙila su ne.

Na zaci zai tara mana jama'a. Bai yi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana kallon inda tukunyar take zama, ya daɗe, sannan ya ja ƙofa ya koma ya zauna. Tun ranar ya yi shiru. Ba ya cin abinci sosai, amma zafi ma yana hana mutum ci. Ina ganin ya haƙura.

Don haka ki kwantar da hankalinki, an yi yadda kika ce. Girbi ya kusa, in kika ji ni shiru aiki ne.

Yayanki, Shoukang

*

Prato
Farkon watan shida

Yaya Shoukang,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Yaya Aizhu, ina fatan ƙurajen sun lafa. Mu lafiya.

Na karanta wasiƙarka na sake karantawa, don na zaci idona ne ya gaji. Wa ya ce ka yi wa Baba sata? Ni na ce ka shiga ɗakinsa bayan idonsa ka yi awon gaba da kayansa a bayan keke kamar ɓarawon kaji? Cewa na yi ka raba shi da tukunyar. Wato ka tsaya a gindin wutar a madadinsa, ko ka samo wanda zai tsaya. Ka ɗauke masa sandar ruwa. Ka zaunar da shi a inuwa da mafici a hannu, ya yi ta ba da umarni yana jin shi ne mai rumfa. Ko yaro zai gane abin da nake nufi ke nan. Amma jidar ruwa za ta sa ka zufa, sai ka zaɓi hanyar da za ka gama a yini guda ka koma ka miƙe ƙafa.

Tukunyar kakanmu ce, ni da kai. Ita mahaifiyata ke gogewa da toka duk shekara har ta bar duniya. Ita ka ɗauka ka kai wa mai awara.

Sannan ka ɗora masa ƙarya. Yanzu duk wanda ya wuce ƙofar gidan kallon ɓarawo zai yi masa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ka ce ya haƙura. Tun kana rarrafe kake maƙwabtaka da mutumin nan, amma ba ka san shirunsa ba? Baba yana faɗa ne in abu ƙarami ne. Ranar da na ce masa zan taho nan, ko kalma ɗaya bai ce ba, har na shiga mota. Wannan shirun ne kake kira haƙuri.

Ranar da takardar nan ta shiga hannunka, kada ka jira gari ya waye, ka je Houshan ka dawo da ita. Ka ce an tsince ta, ka ce abin da ka ga dama, tunda ka iya. Sannan ka zauna ka yi aikin da na roƙe ka. In ba za ka iya ba ka faɗa mini kai tsaye in nemi wani.

Lingdi

*

Asibitin gunduma
Fu ta farko

Lingdi,

Ina gaishe ki. Ban ji daga gare ki ba tun waccan, ina fatan lafiya. A kan benci nake rubutun nan, ki yi haƙuri da karkacewarsa. Baffa yana da rai. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Jin bai ɓoye tukunyar ba. Ya ga ta fi tasa faɗi, sai ya ɗora ta a murhu yana dafa madarar wake a ciki. Wata mai tallar awara da ta shigo Gangtou ta ce wa Baffa, da kyakkyawar zuciya, "Ashe ka sayar wa Jin tukunyarka, tsoho?" Ranar da Fu ta shiga ke nan. Duk muna gona muna yankan shinkafa, ba kowa a unguwar sai karnuka a gindin katanga. Rana ta take, ko tsuntsu ba ya motsi. A lokacin ya kama hanyar dutse, ko hula bai saka ba.

Jin ya ba ni labarin sauran. Ya ce Baffa bai gaishe shi ba. Ya janye itacen wutar, ya naɗe hannu da tsumma, ya tuntsurar da madarar a ƙasa. Ya watsa wa tukunyar ruwa, ya ɗaure ta da igiya ya goya. Jin ya ce, "Baba, ka bari rana ta yi sanyi, ni da kaina zan kawo maka." Baffa ya ce, "Na ga yadda kuke kawo kayan mutane."

Ya haura dutsen. A gangaren da ke kallon garinmu ne ya faɗi. Zhou mai amalanke ya tsince shi a gefen hanya, fuskarsa ja wur, jikinsa ba ɗigon zufa. Ya ja shi inuwa, ya kankare masa wuya da cokali har ya yi ja yadda ake yi wa wanda zafi ya buge, ya sauke duwatsun da ya ɗauko ya zuba a ƙasa, ya saka Baffa da tukunyar a amalanken ya gangaro da gudu yana kiran sunana.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakinsa ya karkace, maganar tana fita da nauyi amma ana ganewa. Likita ya ce zai rayu, tafiya kuma sai yadda hali ya yi.

Ba ya kallona. In na kawo cokali sai ya rufe baki, sai ma'aikaciya ta karɓa. Na bar Aizhu da gonar ita kaɗai.

Na yi abin da kika ce ne, Lingdi. Ki rubuto da wuri.

Shoukang

*

Asibitin gunduma
Fu ta tsakiya

Lingdi,

Gaisuwa. Jikin Baffa da sauƙi kaɗan, yana iya zama in an jingina shi. Wannan ke nan game da lafiya.

Yau Aizhu ta kawo mini abinci da wasiƙarki ta farkon watan shida. Na karanta ta a tsaye, da fon fitsarin mahaifinki a ɗaya hannun. Ashe ni ɓarawon kaji ne. Ashe ni rago ne mai gudun zufa, mai neman inda zai miƙe ƙafa.

Takardarki ta farko tana aljihuna. "Ka raba shi da tukunyar nan ta kowace hanya." Hannunki ne ya rubuta, ba nawa ba. Ina inuwa a ciki? Ina mafici? Ina maganar in tsaya a gindin wuta? Kin san a Fu ake yanke shinkafa ta fari a dasa ta biyu, ko kin manta abin da ake ci a garin nan? Da wane jikin zan wuni a bakin gada? Kin jefo magana mai fuska biyu daga bayan duniya, in ta yi daɗi ke ce 'ya ta gari, in ta ɓaci Shoukang ne bai da hankali.

Bari ki ji yadda nake miƙe ƙafa. Shinkafata ta bushe a tsaye tana zuba. Aizhu tana cikin ruwan gona da tsakar rana, ruwan da ke ƙona ƙafa kamar an dafa shi, har ta yi amai a kan kunya ta tashi ta ci gaba. Ni ina nan ina juya mahaifinki, ina wanke shi, ina fifita shi har hannuna ya mutu, a ɗakin da gumi ke ɗiga daga haɓar kowa. Shi kuma yana kallon bango. Jiya ya buɗe baki ya ce wa mai gadon kusa da shi, "Wannan ɗan wana ne. Ka riƙe takalmanka." Duk ɗakin suka yi dariya.

Ke kina can inda ake kunna fanka, kina gyara mini fassara.

Na gaji da ɗaukar laifin ni kaɗai. Na zauna a bakin gadonsa na karanta masa takardarki ta farko, daga gaisuwa har sa hannu, har inda kika ce kada a ce ke kika ce. Ya saurara idonsa a rufe. Da na gama ya ce in sake. Na sake.

Kin ce in ba zan iya ba in faɗa miki ki nemi wani. To na faɗa. Uban naki ne, ki zo ki karɓa.

Shoukang

*

Prato
Watan bakwai

Yaya Shoukang,

Ina gaishe ka don an koya mini gaisuwa. Ka gaishe da Yaya Aizhu, ita ba ta yi mini komai ba, kuma ina jin nauyinta.

Kafin wasiƙunka su zo na riga na yi makokin Baba. Wata 'yar garinmu da ke ɗinki a layin bayanmu ta tare ni a hanya ta riƙe mini hannu ta ce in yi haƙuri, an ce tsohon ya faɗi a kan dutse ya cika. Na ruga na buga waya kantin bakin kasuwar garinmu. Mai kantin ya ce, "An tafi da shi," layin ya yanke. Na yi ta bugawa, in an ɗauka a ce ba kowa a gidanku. Na ɗaura farin zaren makoki a gashina na koma kan keke, don mai wurin aikin ya ce riguna ba sa jiran kuka. Haka na zauna har takardunka biyu suka iso rana ɗaya. Kai da kake gari mai gidan waya a kowane titi, ba ka iya buga mini ka ce yana numfashi ba?

Fanka. A bayan kekunan muke kwana, a ƙarƙashin rufin kwano, tagogi a rufe an manna musu kwali don kada maƙwabta su ji ƙara su kira 'yan sanda. Ina ɗinki zufa tana shiga mini ido. Ban taɓa rubuto muku wannan ba don kada Baba ya ce ai ya faɗa.

Na yarda maganata ba ta fita sarai ba. Amma da ka yi shakka, sai ka tambaya. Ba ka tambaya ba. Kuma ko mu bar wannan, abu ɗaya na roƙe ka ka rufe mini. Ka ɗauke shi ka kai wa mutumin da rabin jikinsa ya mutu, wanda jininsa ke jiran dalili, ka karanta masa har sau biyu, don dai ka sami abokin shan kunya. Da ya mutu a kan gadon nan fa? Wa za ka karanta wa takarda?

Ka ce in zo in karɓa. Zan zo. Ka san in na fita daga ƙasar nan ba takarda, ba ni ba dawowa, duk wahalar shekarun nan ta tashi a banza. Guoping ya daina yi mini magana tun da na faɗa masa. Ba komai. Ina neman hanya, da kaka ta shiga za ku gan ni. Ka riƙe shi zuwa lokacin. Daga nan ba zan ƙara roƙonka ko ruwan sha ba.

Lingdi

*

Gangtou
Bayan fitar Fu

Lingdi, Baffa ne ke faɗa, ni nake rubutawa. Ya ce in na canza kalma ɗaya zai gane, don zai karanta da kansa. Shoukang.

Lingdi,

Ina lafiya. An sallame ni, ina gida. Hannun dama ya tafi, ƙafar tana ɗan jin magana. Ina cin abinci. Iska ta fara sanyi da safe. Ki gaishe da mijinki.

Wannan ɓarawon da ke rubutu ya karanta mini takardarki ta ƙarshe. Ni na sa shi. Duk takardar da sunana ke ciki yanzu sai na ji ta.

Ranar da likita ya yi maganar jinina, ina cikin ɗakin. A kujerar gabansa nake zaune, kuma ina da kunne. Tun kafin ruwa ya ɗauke na yi magana da Zhou da ƙaninsa za su riƙa kawo ruwa a amalanke, matan gidan Pan kuma su kula da wuta. Nawa haɗa ganye ne da ɗanɗanawa. Ban gaya wa kowa a gidan nan ba don ba wanda ya tambaye ni. Ɗaya ya zo ya ce in huta, kamar yana magana da tsohon bijimi. Ɗaya tana can tana shirya yadda za a zaunar da ni da mafici in riƙa jin ni ne mai rumfa. Ni ne mai rumfa.

Su Zhou sun buɗe rumfar ina asibiti, da tukunyar da ta lotse. An kai ni na sha kafin Fu ta fita. Ruwan ganyen gora ne kawai, ba su iya ba, amma mutane sun sha, ba wanda ya faɗi a gadar bana.

Shoukang ya wanke ni, ya goya ni, shinkafarsa ta lalace. Na gani. Ban yafe masa ba tukuna, amma ina karɓar cokali daga hannunsa. Ki daina zaginsa, wannan aikina ne.

Ke kuma kada ki zo. Ban so tafiyarki ba, amma kin tafi, kin sha wuya a ƙarƙashin kwanon da kika ɓoye mini. Ba za ki zubar da wannan ki dawo ki zauna kina kallona da fuskar tausayi ba, mijinki kuma ya ce ni na kashe masa gida. In kika zo ba takarda, zan sa a rufe ƙofa, kuma kin san ina yi. Ki bari sai kin sami hanyar zuwa da komawa. Ni ba inda za ni.

Saura magana ɗaya. Shekarun nan duka, gaisuwarki a gindin takardar wani nake samunta. Yanzu kuma na ji ku biyu kun yi wata da watanni kuna jefa ni tsakaninku, uban naki ne, ki zo ki karɓa, ka riƙe shi zuwa kaka, kamar akuyar kiwo. Hannuna ne ya mutu, idona yana karatu. In kina da magana a kaina, ki rubuto mini. In zagi ne ma ki rubuto, zan rama. Sunana Dai Bingkun. Gidan kuma kin san shi, a ciki aka haife ki.

Mahaifinki